Irin albasar da bai tsiro ba

Na daɗe ina son rubuta wannan labari ina fasawa. Sau uku ina fara shi a talho, wato wayar hannu, ina gogewa, don duk lokacin da na kai tsakiya sai in ji kamar zan tono wa wani abin da ya riga ya manta. Kuma ni ba mai zurfin karatu ba ne, a aji shida na bar lakwal, wato makarantar boko, ina tsoron in rubuta magana a fahimce ta ba yadda nake nufi ba. Amma satin da ya wuce wani matashi ya tambaye ni a nan shafin ko ya ƙara sabon kaya a butik ɗinsa, wato shagonsa, na ba shi guntuwar amsa, tun ranar raina bai kwanta ba. To ga amsar a cike. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Shekarun baya, wake da gero nake sayarwa a kasuwar Madawa. Waɗanda suka san ni sun san halina, ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. In na kulle butik, sai na kai bakin tasha in dawo in ja kwaɗon in tabbatar. Mahaifiyata takan ce ko ruwan randarmu sai na leƙa sau biyu kafin in sha. A harkar wake wannan hali ya amfane ni. Wani malamin gona ya taɓa koya mana yadda ake maganin ƙwarin wake: a shimfiɗa baƙar leda a fili, a baza wake a kai, a rufe da farar leda wadda ake ganin abu ta cikinta, a danne gefe da duwatsu, a bar shi cikin tsakar rana. Zafi ya kashe ƙwaro da ƙwansa. Sannan a zuba a gangar ƙarfe a rufe gam. Na riƙe wannan da hannu biyu. Masu abinci sun san in suna son waken da babu huda ko ɗaya, wurina za su zo. Ina alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba.

Wata bazara abokina, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya ce mini, "Kai dai wake, wake, har yaushe? Irin albasa yanzu ga arha gare shi. Ka saye ka aje, in kaka ta yi masu garka da kansu za su zaka nema."

Na yi sati biyu ina juya maganar kafin na yarda. Ya kai ni wani ƙauye a bakin fadama, wurin wani tsoho da kowa ya shaida da kyawun irinsa. Tsohon ya shiga ɗakinsa na ciyawa, ya sauko da wata jakar tsumma da ke rataye a rufin, ya kwance. Irin baƙi ƙirin, bai daɗe da sussuka ba, har ƙamshin albasa yake yi. A raina na ce, ji wannan bawan Allah, kaya mai tsada haka a cikin tsumma, ba leda ba murfi. Har tausayinsa na ji.

Da ya gama auna mini sai ya ce, "Ɗana, ka dai san aje shi ko?"

Na ce, "Baba, ai ajiya ita ta sana'ata."

Ya ce, "To madalla." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwana uku da kawo irin, na ga wani ɗan ƙwaro yana tafiya a bakin buhun da na zubo shi. Ɗaya tak. Har yau ban sani ba ko daga cikin irin ya fito ko wucewa yake yi zuwa harkar gabansa. Amma ban tsaya bincike ba. Washegari na fito da ledojina, na baza irin albasa kamar yadda nake baza wake, na rufe, na danne da duwatsu. Wanda ya san bazarar garinmu ya san irin zafin ranar da nake nufi. Da azahar na ga gumi ya taru a jikin farar ledar ta ciki, na tura hannu ƙarƙashi sai da na janye shi da sauri. Daɗi ya kama ni, na ce yau ƙwari sun ga ta kansu.

Da sau ɗaya na yi, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma bayan sati sai na fara tunanin ko akwai ƙwan da ya tsallake. Na sake yi. Sati na gaba ma haka. Ban daina ba sai da ruwan farko ya sauka. Daga nan na juye shi a gangar ƙarfe, na rufe gam, na ajiye a kusurwar butik, ƙarƙashin rufin kwano, inda ranar yamma ke dukan bango. Duk damina ina shafa gangar ina jin ta da ɗumi, hankalina kwance.

Mahaifiyata tana zaune tare da ni a Madawa, amma asalinta 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Buza, inda mutane ke noman gero da damina, da rani su shiga garka, wato noman lambu. Da kaka ta gabato, kawuna, wanta, ya zo gaishe ta, yana kukan irin albasa ya yi wuyar samu, na kasuwa kuma ba a san na yarda ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, balle ta yabe ni a gaban mutane. Ina daga zaure na ji ta ce masa, "Ga wancan nan, shi ma ya aje iri. Ni ban san komi ba ga sha'anin kasuwa, amma yaron ga ba ya cuta."

Ban taɓa jin ta faɗi irin wannan a kaina ba. Ranar ko'ina na bi murmushi nake yi.

Kawu bai zo shi kaɗai ba. Ranar kasuwa ya zo da mutanen garinsu, suka saya bisa maganarsa, ba wanda ya tsaya dogon dubawa. Wasu kuma da suka ga cincirindo suka matso. Kasuwa biyu, ganga ta ƙare. Abokina yana ta cewa, "Ba na hwaɗa maka ba?"

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, sai ga kawu a bayan moto, wato babur, ɗansa na tuƙawa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ruhe butik ka hau." Wannan ɗan nasa taubashina ne, tun muna yara bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba, sai ya tsokane ni da cewa mu bayinsu ne. Ranar ko kallona bai yi ba. Tun daga nan na san ba lafiya ba. Mu uku a moto ɗaya muka kama hanya, duk duwatsu, har muka isa.

Ba gida muka nufa ba, garka muka wuce. Kawu ya nuna mini fangali na farko, inda ya zuba irin don reno. Ƙasa baƙa, a jiƙe, an gyara ta sumul, an lulluɓe da ɗan kara. Ya ɗaga karan. Babu komai. Ya nuna na biyu, babu komai. Muka shiga garkar maƙwabcinsa, muka shiga ta gaba, muka shiga ta gaba da ita. A wata na ga tsiro bai fi a ƙirga da yatsu ba, a sauran ko wannan babu. Na durƙusa na tona da yatsa, na ciro irin, ya kumbura, ina murzawa ya narke. Wallahi sai na ji kamar ba ni ba ne a wurin. Ina ganin bakin mutane yana motsi, amma sai daga baya maganar ke iso mini.

Wani ya ce, "Kwana goma sha biyu muna ƙona isansi ga injin ban-ruwa muna ba ƙasa banza ruwa."

Wani ya ce, "Tsohon iri na ya garwaya. Haka 'yan birni ka yi."

Na dubi taubashina ko zai ce wani abu. Ya ce, "Yau ko wasa ban iya yi maka."

Wanda bai san albasa ba zai ce ai sai a sake zuba wani iri. Albasa tsere ce da lokaci. Wanda ya yi dashe da wuri shi ke cirewa lokacin da take da daraja, wanda ya makara sai ya fito da tasa lokacin da ta cika kasuwa har ana tuntuɓe da buhuna. Kuma a cikin mutanen nan akwai samarin da suka fasa tafiya ci-rani a shekarar, suka ce za su tsaya gida su yi garka. Duk wannan yana cikin ƙasar da nake tonawa da yatsa.

Kawu ya ja ni gefe. Ya ce, "Ni ban ce ka cuce mu ba. Amma uwarka ta ɗauki maganarka ta aza bisa kaina, ni kuma na aza ta bisa kan mutanen ga. Tahi ka gano mi ya hwaru."

Ni a lokacin ba ni da shakka ko kaɗan. Tsohon nan ne ya ha'ince ni, shi da jakar tsummansa. Washegari da sassafe na ja abokina muka tafi. Ni da ba na iya ɗaga wa babba murya, a hanya na tsara maganar da zan faɗa masa, har ina maimaitawa. Muka same shi a bakin garkarsa. Na faɗi duk abin da na tsara. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Taho."

Ya kai mu wurin renonsa. Kore shar, a cike, tsiro ya yi tsawon yatsa, ko ƙasar ba a gani. Ya ce, "Jaka guda ta. Rabi na auna maka, rabi na zuba nan."

Na durƙusa na shafa tsiron da hannuna.

Ya ce, "To hwaɗa min yadda ka aje naka."

Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne, da ƙarfin gwiwa na fara bayani. Ina so ya san ni ba sakarai ba ne. Na faɗi baƙar leda, na faɗi farar leda, na faɗi duwatsu.

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Leda ƙasa, leda bisa?"

"I, Baba."

"Cikin bazara?"

"I."

"Sau nawa?"

"Duk sati, har ruwa ya sauka. Sannan na ruhe shi cikin ganga."

"Gangar ƙarhe?"

"I, Baba."

Tsohon ya cire hularsa, ya zauna a kan kunya, ya yi salati. Ya dube ni, ya dubi abokina, ya sake dubana. Ya ce, "Ɗana, ai soya shi ka yi. Mai da gishiri ɗai sunka rage. Wakenka ci a kai, ba ruwan mai ci da ya mutu ko bai mutu ba. Wanga ko abu na mai rai. Inuwa shi ka so da iska, shi ya sa ka gane shi rataye cikin tsumma."

Ni ma na zauna a ƙasa. Na zo neman wanda ya kashe irin, ashe da hannuna na yi, ina yi ina murna, sati bayan sati. Na ce, "Baba, ka gahwarce ni, na yi maka ƙazahi." Ya ce, "Wannan ba komi. Da ka tambaye ni ran nan, magana guda ta."

A hanyar komawa abokina ya ce, "Ka ga, mu ukku ɗai munka sani. Ka ce musu iri na ya zo haka, ikon Allah. In ka hwaɗi gaskiya, kai da ɗaga kai cikin kasuwar ga har abada." Ba mugunta ta sa ya faɗa ba, tausayina yake ji. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shiga raina. Yinin ranar ina juya ta, ban iya cin komai ba. Amma in na ce iri ne ya zo haka, tambaya ta gaba ita ce wa ya sayar maka. Tsohon nan kuwa sunansa ne abincinsa.

Da yamma na sami mahaifiyata tana tsince wake a faranti, na faɗa mata komai, har da shawarar abokina. Ta ajiye farantin. Sannan ta ce, "Ni na ce ma ɗan'uwana ba ka cuta. Wauta na iya ɗauka. Amma kar ka maishe ni maƙaryaciya."

Washegari na koma garin kawu. Na jira aka idar da sallar la'asar, na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi abin da na yi, tun daga ƙwaron nan guda ɗaya. Na ce mai irin ba shi da laifi, na ga renonsa da idona. Wani dattijo ya sa na maimaita maganar ledar, yana zaton bai ji daidai ba. Da na maimaita ya kama haɓa ya ce, "La'ilaha illallahu."

Sai taubashina ya ce, "Ashe soyayye munka yi kwana goma sha biyu muna ba ruwa! Kai bawa, da ka hwaɗi tun hwarko, ai da mun barbaɗa yaji mun ci abunmu."

Wasu suka fashe da dariya. Ba duka ba. Mutum ɗaya ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, kuma ya fi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa ba.

Na fitar da waken da nake jira ya yi daraja na sayar, na nemi dashe. Tsohon nan da na je zargi shi ya taimake ni. Ya ba da rarar renonsa, ya aika wa maƙwabtansa masu rara su ma. Da dashen ya isa cira, muka riƙa naɗe shi cikin jiƙaƙƙun buhuna muna kaiwa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Bai ishi kowa ba. Wasu dole suka sake zuba sabon iri suka makara. Kawu ya ƙi karɓar ko ɗauri ɗaya, ya ce sai kowa ya samu tukuna, don shi ya kawo su. Albasarsa ta fito lokacin da ba mai kallonta. Har Allah ya yi masa rasuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Sauran waɗanda suka saya a kasuwa na bi su ƙauye-ƙauye, don yawancinsu na san inda suke. Mutum ɗaya ne ya gagare ni. Ya zo ranar kasuwa ta biyu, dogo, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, ya ce daga wajen Keita yake. Shi ya kwashe ragowar gangar. Yana ɗaure irin a bakin rawaninsa yana ce mini awakin matarsa biyu suka sayar, don mahaifinsa ya tsufa, bana ba zai tafi ci-rani ya bar shi ba. Ban tambayi sunansa ba, ban tambayi garinsu ba, hankalina yana kan masu jira a bayansa. Na je kasuwar Keita sau uku, na je ta Buza, ina kwatanta shi. Ba wanda ya gane shi. Shi ma bai taɓa dawowa ya yi mini faɗa ba.

Yau ina sayar da irin albasa, kuma mutanen garin kawu suna cikin masu saye, ko da yake har yanzu in na shiga garin sai wani ya tambaye ni ko na yau ɗanye ne ko soyayye. A jakar tsumma nake rataye shi, a ɗakin ƙasa mai sanyi. Kafin in sayar wa kowa, sai na ɗebi kaɗan na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, in riƙa yayyafa ruwa har sati, in ga tsiro da idona. In mai saye ya zo, ƙyallen nake fara buɗe masa. Ba ya cin komai sai ruwa da haƙuri, kuma da na san shi a wancan lokaci da ko mutum ɗaya bai zuba mataccen iri ba.

Kai matashin da ka tambaye ni, ka ƙara kayanka, kada labarina ya tsorata ka. Na faɗi wannan faɗuwar kuma ban bar kasuwa ba. Amma ka sani, iya kaya ɗaya ba ya nufin ka iya na kusa da shi. Ni ba sakaci ne ya kayar da ni ba, kulawa ce da ba a ɗora ta kan sani ba. Wanda ya sayar maka da kaya, ka zauna ka tambaye shi yadda ake ajiye su, ko da tambayar za ta sa ka zama kamar yaro a gabansa. Kuma ka san mai sayenka, ko da sunan garinsu ne, don ranar da za ka buƙaci ka bi shi ba ta yin sallama.

Abin da nake roƙonku shi ne wannan. Mutanen ƙasar Keita da ke karanta ni, ko akwai wanda ya san wani magidanci dogo mai ɗingishi, da ya taɓa sayo irin albasa a Madawa wata kaka, ya zuba, ko ɗaya bai tsiro ba? Wataƙila ya zaci ƙasarsa ce, ko ruwan rijiyarsa, ko hannunsa ne ba shi da sa'a. Wataƙila ma ya bar garka tun daga ranar. In kun san shi, ko matarsa, ko 'ya'yansa, ku yi mini magana ta akwatin saƙo, zan zo har gida. In kuma ba ya son ganina, ku dai faɗa masa ba daga gare shi ba ne. Daga gare ni ne.